Sifirin da Na Sa wa Dogo

Ƙarfe bakwai da rabi daidai na safiyar Asabar, ranar rufe makaranta. A ɗakin akwai hedimasta, da tsohon malamin Arabiyya, da ni ƙaramin malami mai haɗa maki, sai yaran aji biyu na makarantar midil tsaye jikin bango. Kafin samun mulkin kai ne, ina zaune a Tudun Wadan Zariya.

Ga ƙa'idarmu: na ɗaya ya zauna kusa da allo, na biyu ya bi shi, haka har bencin baya. Wanda ya zo na ƙarshe sau biyu a jere ya ɗaure akwatinsa, an sallame shi.

Yaran kashi uku ne. Akwai 'yan Birni. Akwai 'yan Tudun Wada da Gyallesu, waɗanda aiki ya kawo iyayensu. Sai 'yan ƙauyuka, cikinsu har da wani dogo bahago daga kudancin lardi, shi kaɗai ne Kirista a ajin. An yafe masa darasin Arabiyya. Lokacin darasin, gindin mangwaro yake zama yana lissafi.

Ni na ja layukan takardar maki da rula, kuma ba na son ganin gurbi wayam. Da na iso gurbinsa na Arabiyya sai na sa sifiri, na haɗa, na raba kamar na kowa. Jarrabawar farko haka, ta biyu ma haka.

Sunansa na kira a ƙarshe. Wani ɗan Birni ya ce, "Dogo, bencin baya ma ya gaji da kai!" Aka kwashe da dariya.

Ya ɗaga hannu. "Malam, ai na ci lissafi."

Na ce, "Jimla ake dubawa. Sauke hannunka."

Ran Litinin ya hau jirgin ƙasa.

Bayan an dawo hutu, malamin Arabiyya yana duba takardar, sai ya tsaya. "Ɗana, wa ya ba shi sifirin nan? Ni ban taɓa gwada shi ba, balle ya faɗi."

Na sake lissafin a tsaye, sau uku. In an cire sifirin, Dogo na bakwai ne.

Na fara da hedimasta, na roƙe shi a dawo da yaron. Ya ce an riga an ba wani gurbinsa. Na rubuta wa hakiminsu wasiƙa biyu, shiru. Daga nan na shiga sintiri a tashar jirgi, ina tare duk wanda ya sauko daga kudu. Ba wanda ya san shi. Har yau idan na ga bahago yana rubutu sai na tashi na leƙa fuskarsa.

Mai karatu, idan a garinku akwai dattijo dogo, bahago, wanda aka sallama daga midil a Zariya yana aji biyu, ka je ka same shi, ko 'ya'yansa. Ka ce masa na bakwai ya zo, kuma malamin da ya ce ya sauke hannu shi ne ya yi kuskure.