Man Gyaɗar Inna da Ɓerayen Ƙanena

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Jega, ƙanena ya zo hutu daga jami'a. Ni na koya masa karatu, amma shi ya samu gurbin digiri na biyu, ni ina nan da alli.

Ya ce bincike yake yi a kan fararen ɓeraye. Wasu zai sa musu man gyaɗa a abinci, wasu man shanu, wasu ya hana su maiƙo. Daga nan a haska musu irin hasken da ake gasa ciwon daji da shi, a ga waɗanda za su fi jurewa. Mai tsantsa yake nema, ba na kasuwa ba.

Inna ta daɗe da barin matsar mai saboda ciwon baya. Ko da aka yi sunan ɗiyata, sayowa ta sa aka yi. Amma washegari na iske ta tana suyar gyaɗa, har ta aika garin Maiyama a karɓo man shanu wajen wata Bafillatana ƙawarta.

Abin ya tsaya mini a rai. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, kin san ƙarshen ɓerayen nan mutuwa ne? Ƙona su za a yi."

Ta ɗago ta dube ni. "Ya gaya min. Ya ce don marasa lahiya a kai. Kai da kas san abin, mi ya hana ka taya shi?"

Ranar komawar ƙanena ta zo. Ni na ɗaura masa galan biyu na man a babur na kai shi tasha.

Bayan girbin albasa ya aiko da wasiƙa. Inna ba ta karatun boko, don haka ni na karanta mata. Ya ce waɗanda suka ci mai sun fi waɗanda aka hana jurewa, amma bai ga bambanci sosai tsakanin man gyaɗa da man shanu ba. A ƙasa ya ƙara: "Yaya, lissafin ya rikice mini. Ko za ka duba?"

Inna ta kira maƙwabta ta ce in yi musu bayani. Na yi, kuma na yi shi da kyau. Duk suka shiga sa wa ƙanena albarka.

Lissafin na gyara masa cikin kwana biyu. Sai da ya yi mako uku a aljihuna kafin na aika.