Kunnen Abdoulaziz da Faifan da Kuka Zaga

Kowace safiya, kafin shagunan unguwar Liuhua ta Guangzhou su gama buɗewa, za ka tarar da Abdoulaziz Tahoua a tsugune a bakin wani sito, an jibge masa kwalaye. Sana'arsa gwada sifika. Idan ɗan kasuwa ya sayi kaya zai loda kwantena zuwa Kano ko Maraɗi, shi ake kira. Ya farke kwali, ya jona waya, ya ƙure murya, ya karkata kai, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin. Wadda ya ji tana karkarwa sai ya ture ta gefe. Haka zai yi ta yi har azahar, ya shimfiɗa kwali ya yi salla, ya ci taliya, ya koma. Da baƙin gemu ya zo Guangzhou, yau fari ne fat.

Hajiya Rabi'atu, wadda ke sayen kayan lantarki tana kaiwa Sabon Gari, ta ba ni labarin ranar da ya ture mata kusan rabin kayan da aka kawo. Mai masana'antar ya ja shi bayan sito yana lallashi, yana ce masa laoban, wato maigida, yana nuna masa cewa za a ba shi na goro idan ya kau da kai. Ta ce Abdoulaziz ya saurare shi har ya gama, sannan ya mayar masa da kalmar da mutanen garin suke gaya mana kullum a shago: meyo, wato babu. Aka canza kayan. Ban da wannan, duk wanda ya taɓa halartar suna ko zaman makoki a cikinmu, mu 'yan kasuwar da ke nan, ya san wanda ke zuwa da lasifika a kafaɗa tun kafin jama'a su taru, ya kuma naɗe wayoyi bayan kowa ya watse.

Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne, tun yana saurayi shi ne mai kula da sautin Tsawar Adar, ƙungiyar masu jitar lantarki da ganguna ta garinsu, wadda iyayen wasunku suka yi rawa da kiɗanta. Yanzu duk sun tsufa. Malam Ilu, jagoransu, hannunsa ya fara rawa a kan jita. Suka yanke shawarar yin faifai na ƙarshe su sake shi kyauta, kowa ya sauke a wayarsa. A wani ɗaki a Tahoua suka ɗauki waƙoƙin, da ƙarar fanka da komai, suka turo wa Abdoulaziz ya tace, ya daidaita.

Bai ɓoye musu ba. Ya gaya wa Malam Ilu cewa shekarun da ya yi yana kara kai a jikin sifika sun kashe masa kunnen dama, na hagun ma ya fara ja da baya, su nemi yaro mai lafiya. Tsohon ya ƙi. Ya ce, "Kunnenka guda ya fi mana biyun wani, domin kai ka san yadda muke tun muna da haƙora." Ya karɓi aikin, ya riƙa yin sa ranakun Lahadi, bai yarda an sa sunansa ba.

Ni ba mai sauraron kiɗa ba ne, kuma ba zan yi muku ƙarya ba: faifan yana da aibi. Sautin ya fi nauyi a gefe guda. Amma abin da na gani a zaurukanmu na waya bayan fitowarsa ya fi wannan aibin muni nesa ba kusa ba. Wani ya ce tsofaffi sun san ba mai saye shi ya sa suka ba da shi kyauta. Wani ya ce an cinye masa data a banza. Wata ta tambayi ina bidiyo, kamar ita ta yi odarsa. Samari suka riƙa ɗaukar hoto da abin sauraro a kunne ɗaya, suna rubuta "kiɗan ɓari guda". Waɗannan fa su ne masu kiran kansu masoya, waɗanda suka shekara suna kwafar tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar ba tare da sun taɓa tambayar ko masu su na raye ba.

A idona aka yi mafi munin. Saifullahi, mai takalma a kasuwar Zhanxi, ya sayi sifiku zai haɗa a kayansa, ya kira Abdoulaziz. Ana cikin gwaji ya miƙa wayarsa ya ce a sa faifan, a yi dariya. Kiɗa ya tashi, ya dafa kafaɗar dattijon ya ce, "Baba, don Allah ji wannan aika-aika. Wallahi kurma ne ya haɗa shi."

Abdoulaziz ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Kurma ne." Ya jawo kwali na gaba.

A makon nan ya kira Malam Ilu ya nemi izinin cire faifan daga intanet. Ya ce ya ɓata wa abokansa aikinsu na ƙarshe, gara a ɓoye da a riƙa yi musu dariya a ƙarshen rayuwa. Tsohon ya ce masa wuƙa da nama na hannunsa. Idan ya cire, shi ke nan, domin waɗannan mutane ba za su sake shiga ɗaki su buga ba.

Abdoulaziz, da kai nake. Kai ne ka faɗi rauninka kafin a tambaye ka, a zamanin da kowa ke sayar da gurgu da sunan ingarma. Kai ne ka tsare dukiyar mutane da kunnen da bai da madadi, har ya ƙare a hidimarsu. Ba ka ɓata komai ba. Amana aka ba ka, ka sauke ta da abin da Allah Ya bar maka. Kada ka hukunta tsofaffin Tahoua saboda bakin yaran Guangzhou. Na gode maka a madadin duk wanda ya taɓa buɗe kwantena a gida ya tarar da kaya lafiya, Allah Ya saka da alheri, Ya tsare maka abin da ya rage na jinka.

Ku kuma, a gidajen da muka fito an koya mana yaba kyauta tukuici. Ko ƙwaryar fura aka aiko da ita, ba a sallamar ɗan aike da zagi. Ku yi koyi da mutumin nan: idan kun ga gyara, ku tsuguna ku yi.

Na je na roƙi Abdoulaziz da kaina kada ya cire faifan. Ya ce zai bar shi idan aka sami mai kunne biyu ya zauna a gefensa, ya riƙa gaya masa inda sautin ya karkata, su daidaita tare. Bayan baje kolin Pazhou na kaka zai koma gida gaba ɗaya. Na sanar da haka a duk zaurukan da aka yi zagin. Ɗaruruwa sun gani. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, babu wanda ya je.