Garin Shinkafa a Ƙofar Baya

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Mabai, a Ƙanƙara muka fake, ni da 'ya'yana uku a ɗaki guda na gidan wan mijina. Gona tana can ba a zuwa, hanyar Faskari ba a binta sai da addu'a. Da aka ce wani Ba'indiye mai haƙa rijiyar burtsatse yana neman mai wanki da wanke-wanke, ban tsaya tambayar addininsa ba. Ragowar tukunyar gidan Ba'indiyen da nake ƙunsowa ita ce abincin yarana, in na rasa aikin ba mu da wani.

Matarsa ta fi ni zama a kulle. Mijin ya hana ta fita ko nan da can, don a lokacin baƙo irinsu ido yana kansa. Iyakarta ƙofar baya, wadda nake shigowa ta nan, taku biyu a waje ta dawo. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "to" ba, sai murmushi.

Kwanana uku da fara aiki na iso da sassafe, na tarar da wani farin zane a ƙasa daidai bakin ƙofar: ɗigo-ɗigo a jere, layi ya bi ya kewaye su kamar zanen lalle. A wurinmu abin da aka barbaɗa a bakin ƙofa kafin gari ya waye ba alheri ba ne, an zuba ne don mai gida ya tsallaka. Na ce lallai wani mai hassada ya sa baiwar Allah a gaba, ita da ba ta da kowa a ƙasar nan. Ni kuwa uwar iyayi, na koma na ɗebo toka da gishiri, na yi bisimilla na rufe zanen, na murje shi da takalmi. Na shiga ciki ina jin kamar na ceci rai.

Washegari ga sabo, har ya fi na jiya kyau. Na ce wannan makiri da naci yake, to ya gamu da daidai shi. Kwana takwas muna haka, ana zanawa ina rufewa. Na lura idonta kullum ja, ta daina murmushin ma, sai na ƙara gishiri.

Ranar tara mijin ya kira ni da mai gadi, wani dattijo da ke ƙofar gaba. Hausarsa a karye take amma ana ganewa. Ya ce matarsa ce ke yin zanen da hannunta, da garin shinkafa. A addininsu na Hindu, kafin mutanen gida su sa komai a baki sai an fara ciyar da tururuwa da tsuntsaye. Zanen kuma maraba ne ga duk wanda zai shigo, da roƙon albarka ga gida. Layin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe tuni ne cewa rai a hannun Mahalicci yake kewayawa. In ƙafar baƙo ta taka shi ba laifi, don haka aka yi shi. Amma toka da gishiri, kullum, wannan saƙo ne. Wani yana gaya musu ba a son su, ko kuma ana yi wa gidan alama.

"Wa kuka gani?" in ji shi.

Mai gadi ya ce, "Wallahi Yallaɓai ban ga kowa ba, ni gaba nike."

Mijin ya juyo gare ni. Gaskiya tana bakina, nauyinta bai kai tsinke ba, amma na tuna yarana. Na ce, "Ni ma haka nika iske shi, Yallaɓai."

A ranar ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo. Taku biyun nan da take samu a waje, ni na raba ta da su.

Ta koma yin zanen a kan simintin ɗakin girki, inda feshin maganin ƙwari bai bar tururuwa ko ɗaya ba. Da yamma ni ce mai share shi, garin cif yadda ta zuba, ba abin da ya taɓa. Tana tsaye tana kallona, ta ce "sannu." Kunya da baƙin ciki suka hana ni ɗaga kai. Sau nawa na shirya zan faɗa mata, in na buɗe baki sai in ga ba ni da harshen, ko da ina da shi ba ni da zuciyar.

Bayan damina aikin mijin ya ƙare, motar rakiya ta zo ɗaukarsu. Ta jawo ni gefe ta damƙa mini gwangwanin garin, ta nuna ƙasa, ta yi tafiyar tururuwa da yatsunta. Na gane sarai. Na ce "to."

Na kai shi gida na tuƙa wa yara tuwo. Kwana biyu ya yi mana, ni ban iya ci ba.