Maraƙin Kyalla da Ya Ƙi Ruɓewa

Duk garinmu sun yi kuskure a kan maraƙin nan da ke rataye a ɗakin jimar kakana, kuma na gaji da jin su. Wasu sun ce asiri aka yi masa, shi ya sa shekara goma sha huɗu bai ruɓe ba. Wasu sun ce gunki ne, shi ya kori mala'iku daga gidanmu har ƙanwata ta rasu. Masu sauƙin baki kuma cewa suke taurin kan tsoho ne ya jawo komai. Babu mai gaskiya a cikinsu. Bagaruwa ce ta hana shi ruɓewa. Sauran maganar kuwa ni na san ta, don ni na aikata.

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, ina aji huɗu a firamare. Na tuna Alhamis ce saboda Babanmu ya yi sammakon tafiya kasuwar Maigatari, inda yake lodin motoci. Na dawo daga makaranta da jakar buhu a wuya, na tarar da Kaka durƙushe a bayan turke yana fiɗar maraƙi, uwarsa Kyalla kuma tana ta kuka tana jan igiya kamar za ta tumɓuke turken. Zawo ne ya kama maraƙin, Kaka ya yanka shi kafin ya zama mushe. Wata biyu kafin nan mahaifiyarmu ta rasu ta bar jaririya, aka mayar mata da sunanta muke kiranta Ummi. Kakata ta wajen uwa, Inna, ita ta baro rugarsu a bayan Gagarawa ta dawo gidanmu da saniyarta Kyalla don ta raini yarinyar. An gwada Ummi da nonon akuya ta yi ta amai. Madarar Kyalla kaɗai cikinta ya karɓa, a tafasa, a sirka da ruwa, a ba ta da ƙaramin cokali. To irin shanunmu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu a gabansu. A yammacin nan Inna ta zauna da ƙwarya tana lallashin Kyalla da Fulatanci, ta ja, ta ja, ko ɗigo bai fito ba.

Inna ce ta kawo dabarar, don a ruga tsohon abu ne. Ta ce a cire fatar da gashinta, a cusa mata ciyawa, a ɗinke, a ajiye wa saniyar a gabanta lokacin tatsa. Kaka majemi ne tun tasowarsa, hannunsa ya rine ja har cikin farce, amma bai taɓa yin irin wannan ba. Ya kankare naman da ke jikin fatar, ya cika ta da gishiri, ya shanya a inuwa, ya cusa busasshiyar ciyawa, ya sa kara huɗu a ƙafafu, ya ɗinke cikin da basilla. Abin ya fito a karkace, wuya a langaɓe, gurbin ido babu komai sai duhu. Na ji tsoronsa. Kyalla kuwa tana ganinsa ta yi wani gurnani can ƙasan maƙogwaro, ta shinshina shi daga kai har wutsiya, ta fara lasa. Sai ga madara tana sauka cikin ƙwarya, shaaa. Inna tana tatsa tana hawaye, ba ta ko share ba.

Da yake ni jika ce mai shiga ko'ina, na saba zama a ɗakin jima ina daka wa Kaka bagaruwa, yana yi mini wasa wai ni ce amaryarsa da ba ta iya tuwo ba. A nan na ji yadda yake kasa fata kashi-kashi. Wadda aka shanya a rana kawai, ya ce, ƙandarewa take kamar faranti, shekara ɗaya ƙwari sun gama da ita. Ta gishiri tana kai watanni da rani, amma da damina sai an yi ta gadinta, don gishiri janyo laima yake. Ta alif, dutsen nan da ake tace ruwa da shi, fara ce tas, ga laushi, tana yin 'yan shekaru, amma ruwa na dukanta sai ta koma ɗanya. "Ta bagaruwa kuwa, amarya," in ji shi, "ni zan tafi, ke ki tsufa, tana nan tana kallonki." A lokacin dariya na yi.

Maraƙinmu na gishiri ne, kuma dole ya zauna a na gishiri, don a haka ne warin ɗanta yake jikinsa. Aka ɗora mini aikin gadinsa. Da an gama tatsar safe in ɗauke shi in rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsa, da yamma in sauko da shi, in shafe shi da gishiri, in kai gaban Kyalla. Ba nauyi gare shi ba, amma na tsani rungumarsa. Ciyawar cikinsa tana ƙara kamar numfashi, hancinsa a bushe yana gogar wuyana. Haka muka yi kwana goma sha biyar. Ummi ta fara cika, kumatunta suka fito, har tana kama yatsana da ƙarfi.

Ranar Asabar ta uku babu makaranta. Inna ta gama tatsa ta shiga tafasa madara, ni kuma na ɗauko maraƙi, sai na ji ƙawayena a ƙofar gida suna zana 'yar gala-gala a ƙasa suna kiran sunana. Na ce bari in yi zagaye ɗaya. Na jingine shi a bayan rumbu, inda ba mai gani, na fita. Hadari ya taso daga gabas, muka gudu zauren maƙwabta muka ci gaba da carafke da duwatsu, ruwa yana ta zuba muna murna. Wallahi ban tuna da shi ba sai bayan azahar. Na same shi kwance a cikin taɓo, ya sha ruwa ya yi nauyi kamar mai rai. Na goge shi da zanena, na kai ɗakin girki na rataye, na yi shiru.

Kwana uku ya fara wari. Gashin wuyansa yana biyo hannu, ga tsutsa a bakin ɗinkin. Inna ta kira Kaka. Ya zo ya danna fatar da babban yatsa, ya shinshina yatsan, sannan ya ɗago ya dube ni. Ban san tsawon lokacin da ya yi yana kallona ba. Sai ya juya ya ce, "Inna, jinkar ɗakin nan ce take yoyo. Laifina ne, ban gyara ta ba." Ni nake share ɗakin nan kullum. Jinkar ba ta yoyo.

Ya ce zai warware shi ya jeme fatar. Inna ta ce, "Malam, don Allah kada ka sa masa bagaruwa. Saniya hanci take bi, ba ido ba." Ya ce, "Na sani, Inna. Amma in na bar shi haka, jibi ba abin da za ki ajiye mata sai tsutsa." Suka yi ta ja har maƙwabta suka ji ta kan katanga, kuma wannan jayayyar ce kaɗai mutane suka riƙe har yau. Bai sa toka ba, don kada gashin ya zube. Ya wanke fatar, ya tsoma ta a kwatarniyar bagaruwa, kullum yana juyawa yana matsewa, ni kuma ina daka masa ina kallon ƙasa. Kwana tara. Ya shafe ta da man gyaɗa, ya murza har ta yi laushi, ya sake cusawa ya ɗinke. Wannan karon maraƙin ya yi kyau, ya tsaya da ƙafafunsa, gashi yana sheƙi. Aka kai wa Kyalla. Ta miƙo hanci sau ɗaya, ta huro iska, ta juya kanta ga katanga. Inna ta shafa masa gishiri, ta shafa fitsarin saniyar, ta shafa kashinta. Kyalla ba ta ƙara dubansa ba. Cikin mako biyu hantsarta ta ƙafe.

Aka koma ba Ummi kunu, Baba ya kawo madarar gwangwani daga Maigatari, aka nemo nonon wata saniyar daga ruga. Cikinta ya ƙi duka. Kumatun nan suka koma, kukanta ya zama siriri. An kai ta asibiti a Gumel, aka dawo da ita a naɗe, gero bai kai ga girbi ba. Inna ta kwance saniyarta ta koma ruga, har ta rasu ba ta sake taka gidanmu ba. Kaka ya rataye maraƙin a ɗakin jima.

Na gama sakandare, na san jarirai suna mutuwa da abubuwa da yawa, na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Kada wani ya zo yana yi mini wa'azi, na yi wa kaina ya fi sau dubu. Amma sanin bai hana ni jin ƙarar ciyawar nan a kunnena duk lokacin da hadari ya taso ba. Yanzu ina ɗinki a Gumel. In na je gida nakan leƙa ɗakin. Kwatarniyoyin sun bushe, don yanzu fata gishiri ake zuba mata a loda a mota a yi Kano da ita, masu salla a kan buzu ma sun koma darduma. Inna ta tafi, Kyalla an daɗe da sayar da ita, kabarin Ummi ya baje har ba na iya nuna shi. Maraƙin ne kaɗai bai canja ba. Ko gashi ɗaya bai zube ba, yana nan yana kallona da ramukan idonsa, kamar yadda Kaka ya faɗa mini.

Kaka ya tsufa, idonsa ya kusa rufewa. Har yanzu in ya ji takuna sai ya ce, "Amarya, kin koyi tuwon?" Har yanzu kuma akwai matan da ke janye 'ya'yansu in sun zo wucewa ta ƙofarsa. Shekara goma sha huɗu yana ɗauke da kayana, bai taɓa ko nishi ba.

Ranar Juma'a zan shiga motar garinmu. Zan jira a sauko daga masallaci, lokacin da dattawa ke cika zaurensa. Zan sauko da maraƙin da hannuna, in farke ɗinkin, in zazzage ciyawar, in shimfiɗa wa Kaka fatar ya zauna a kai. Sannan in durƙusa a gabansa, kowa yana ji, in ce, "Kaka, jinkar nan ba ta taɓa yoyo ba."