Rantsuwar da ta raba ni da kamfanina

Shekarun baya ina da ɗan kamfanin dafa wa alhazai abinci a unguwar Mansur da ke Makka. Tuwo, miyar kuka, dambu, duk abin da Bahaushe ke marmari idan shinkafar Larabawa ta gundure shi. Mahaifiyata ce ta sayar da gwal ɗinta muka sayi tukwane, ita ce kuma ke ɗanɗana miya kafin ta fita. Abokina, wanda muka taso layi ɗaya, shi ke hulɗa da masu kawo alhazai, don ya fi ni baki. Ni ina cikin hayaƙi, sai na ba shi wakala, wato izinin sa hannu a madadina. Har godiya na yi masa da ya karɓa, kun ji wayo.

Wata shekara Hajji ya matso, ban ga odar kowa ba. Na kira wani da muka daɗe muna dafa wa mutanensa, ya ce, "Ai mun riga mun gama da ku. Abokinka ya ce kun koma unguwar Rusaifa." Ashe sabon kamfani ya buɗe da sunan surukinsa, ya kwashe kwangilolinmu da motocinmu ya mayar can da wakalar da na ba shi. Har masu dafa abincina ya ja. Da na tare shi, ko kunya babu, ya ce, "Ya akhi, ai kai ka ce in sayar, ka gaji da harkar."

Dattawan unguwa suka ce kada in kai ɗan'uwa gaban alƙali, a bar wa Allah. Ban saurare su ba, na nemi lauya, wani mai sanyin magana da ya ƙware a rigimar kamfanoni. Ya ce shari'ar mai ciwuwa ce, amma sai na yi haƙuri. Za a nemi kotu ta sa masani ya bi sawun cinikin, a kuma kawo shaidu, abin zai ɗauki watanni. Ni kuwa jinina tafasa yake. Na ji an ce mai ƙara yana da ikon ya nemi wanda ya kai ƙara ya rantse, sai na ce wannan nake so.

Lauyan ya ajiye alƙalaminsa. "Ka gane abin da kake nema? Idan ka zaɓi rantsuwa, ka ajiye sauran hujjojinka. Yana rantsewa, halas, an rufe."

Na ce, "Ba zai rantse ba. A Makka? Uwarsa a Harami take sallar asuba."

"Ni dai na ga masu rantsewa," in ji shi. Ya roƙe ni in kwana da maganar. Na ce bai san mu ba ne, Bahaushen da aka haifa a nan ko wuƙa aka sa masa ba zai ɗauki sunan Allah a kan ƙarya ba.

Ranar zaman kotu abokin nawa ya zo da farin tobi, doguwar rigar Larabawa, yana ƙamshin turare. Alƙali ya yi masa wa'azi a kan rantsuwar ƙarya, wa'azin da ni da nake da gaskiya sai da jikina ya yi sanyi. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya rantse cewa ni na umarce shi. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Lauyana jakarsa kawai ya rufe.

Da na gaya wa mahaifiyata, ta ce, "Ya rantse? Da bakinsa?" Ba ta ƙara tambayata zancen kamfani ba har ta bar duniya.

Yanzu duk wanda ya zo min da rigimar kasuwanci, ce masa nake ya bi maganar lauyansa, kada ya jingina haƙƙinsa a kan tsoron Allah na wani. Ana ce min in yafe, shekaru sun ja. Ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau raina ƙuna yake. Ranar jana'izar mahaifiyata abokin nawa ya ratso mutane ya kama hannuna, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta." Addu'a ce ga uwata, ba yadda zan yi. Na ce amin.