Mai Buhu Biyu a Farin Kwanon Iya Dije

A gidanmu na Birchi, tun kafin a fara zancen mulkin kai, kakata Iya Dije ba ta fara tatsuniya sai an gama tace ruwa. Ruwan tafki muke sha. Da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu, ta ɗauraye ƙyallen tata a cikin wani farin kwano, ta jawo fitilar aci-balbal, ta ce mu leƙa.

Ran da na fi tunawa, na juye tulu biyu a randar Baba ban tace ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ga shi bara kurkunu ya kwantar da shi damina guda, har ciyawa ta cinye mana gero.

Na leƙa kwanon. Ruwan da nake gani garau, ashe gari ne guda. Wasu abubuwa da ba su kai ƙwayar gero ba suna ta kai da kawo. Iya ta bi su da tsinke.

"Wannan mai tsalle ne. Wannan mai birgima. Wancan mai dogon gashin baki kamar kawunku. To ga ta nan tafe, jiƙe da ruwa."

Muka ce ta iso mu ji.

Ta ce kakanmu da ya je Makka a ƙasa ya ba ta labarin cewa bakin teku ba rami ba ne. Ƙasa ce ke gangarawa ƙarƙashin ruwa a hankali kamar fadama, kafin ta zurma. Nan ne asalin garin waɗannan 'yan halittu na cikin kwano. Wata rana sarkin ruwa ya sa ƙaguwa ta ware su dangi-dangi, ta duba ƙafa, ta duba wutsiya, ta raɗa wa kowa suna. Ana cikin haka sai wani mai rataye da buhu biyu a ƙugu ya saci farin zaren sarki ya haɗiye, ya gudo tafkunanmu.

"Duk wanda ya sha shi, zaren nan ta ƙafarshi zai fito. Iyakarta ke nan, sauran na bakin kwaɗo."

Sai na fashe da kuka na faɗi abin da na yi. Iya ta dube ni.

"Ke ja'ira, ƙafar ɗana za ki cinye mani? Tashi ɗauko ƙyalle."

Muka tace randar tas, ta ɗauraye ƙyallen a kwano. Ga mai buhu biyu nan har uku, suna iyo. Daminar da ta biyo, da ƙafarsa Baba ya yi noma.

Na yi aure na haihu kafin ma'aikatan lafiya su zo suna gaya mana cewa kurkunu a cikin waɗannan 'yan halittu yake ɓuya. Yanzu kuma jikata mai karatu ta ce har gobe masana na can bakin teku suna ware danginsu, suna raɗa musu suna, ba su kai ƙarshe ba. Na jinjina ikon Allah. Ashe har yanzu ƙaguwa ba ta gama aikin sarki ba.