Rantsuwar da Baba Ya Hana Ni Yi

Ranar Asabar ce, saura kwana tara a kama azumi, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Mu kusan sittin muka jeru a farfajiyar Islamiyyar unguwarmu a Gummi, maza gefe mata gefe, ruwan alwala bai gama bushewa a hannun kowa ba. An fito da teburin Malam Bello ƙarƙashin dogon yaro, an shimfiɗa masa darduma, an ɗora babban Alƙur'anin nan mai jan bango da ba a fito da shi sai ranar sauka. Iyayenmu maza suna zaune a benci cikin inuwa, Babana a tsakiyarsu, domin shi ne shugaban kwamitin iyaye. Abin da aka tara mu a yi ba shi da tsawo. Kowane yaro zai zo ya dafa Littafin, ya rantse bai kalli fim ɗin yarinya mai sanda ba. Ni kuwa na kalla, kuma ba sau ɗaya ba.

Fim ɗin ya shigo garin ne da damina, ta gidan kallon da ke bayan tasha. Labarin wata 'yar Turawa ne da ta tsinci sanda a gindin itace, in ta nuna ruwa ya daskare, in ta nuna dabba ta tsaya cak har ta yi magana. Kafin sati biyu yaran unguwa sun zama wasu iri. Maza suka bar langa, mu mata muka watsar da duwatsun carafke, kowa sai yawo da sillen karan gero yana nuna ɗan'uwansa yana gwalantu da wani yare da ba na kowa ba. Ko waɗanda ba su gani ba sun iya, don a bakin famfo da filin tara ake koyar da shi kyauta. Da abin ya kai kunnen manya, liman ya yi huɗuba a kai, ya ce ana shayar da yara sihiri cikin wasa. Baba da 'yan kwamitinsa suka bi gida gida suna roƙon iyaye, har mai gidan kallon ya cire hoton daga jikin allonsa. A gidanmu ma Baba ya tara mu bayan La'asar, ya ce bai yarda kowa ya je ba. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba mai ɗaga murya ba ne. Muka ce to.

Ni dai tun da aka hana, abin ya tsaya mini a rai. Inna tana yin fura, ni ke kai talla bayan an tashi daga boko, kuma cikin gidajen da ba na tsallakewa akwai na Hajiya Kulu, wadda ɗanta ya kawo wa talabijin da ɗan janareto daga Sakkwato. Wata rana na yi sallama na ji an ce in shigo, na tarar jikokinta da suka zo ziyara sun cika ɗaki, an saki labule, ga yarinya mai sanda tana gudu cikin daji. Na ce bari in tsaya daga bakin ƙofa in ga kaɗan. Ina! Ban san lokacin da na zauna da ƙwaryar a cinyata ba. Babbar jikar, Maryam, ita ke fassara mana, kuma yanzu da na yi karatu na gane rabin fassarar daga kanta take ƙago ta. Amma a ranar, da yarinyar ta nuna kogi ya daskare ta taka ta wuce, sai da na riƙe numfashi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ba zan ɓoye ba. Furar ta yi tsami a hannuna, na koma na ce wa Inna yau ba a saya ba. Washegari na sake komawa, wannan karon da ƙafata da niyyata.

Kwana uku bayan haka Inna ta guma shinkafa ta shanya a tabarmi biyu a tsakar gida, ta bar ni tsaro ta tafi barka. Muna da wata jar akuya mara kunya, wadda ko tsawa ba ta ji sai jifa. Ina zaune na ga ta sa baki a shanyar. Maimakon in kore ta, sai na zaro sillen da na ɓoye a jikin danga, na gyara tsayuwa, na nuna ta, na zuba mata kalmomin nan kamar yadda Maryam ta koya mana. Akuya ta ɗago ta dube ni tana tauna. Na maimaita har sau uku, ina ƙara murya, ita kuma tana ƙara loma. Ƙarshe dai takalmi na cire na wurga mata. Da na juya sai na hangi Baba a cikin zaure, ya miƙe ƙafa yana tufka igiyar rama, kansa a sunkuye. Da na ga bai ɗago ba na ce Allah ya rufa asiri, bai gani ba.

Malam Bello ne ya kawo maganar rantsuwa. Mutumin kirki ne, shi ya koya mana alwala da hannunsa, in yaro ba shi da lafiya har gida yake zuwa dubiya, amma yana da saurin hawa. Ranar Litinin ya zazzage jakunkunanmu ya sami sille goma sha ɗaya, ɗaya ma a tsakiyar izu aka saka shi. Idonsa ya yi ja. Ya tambayi wanda ya kalla, kowa ya yi tsit. Nan take ya ce ranar Asabar kowa ya zo da alwalarsa, za a dafa Littafi a gaban iyaye, duk wanda ya kasa a san shi.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Mu mun girma muna jin cewa Alƙur'ani ba ya barin wanda ya dafa shi a kan ƙarya. Akwai labarin wani mutum a kasuwar Bukkuyum da ya rantse a kan rago, bakinsa ya karkace kafin ya kai gida, kuma babu yaron da bai san wani da ya san wanda ya gan shi ba. Ƙawata Hassi, wadda ita ma ta leƙa, ta ja ni bayan aji ta ce akwai dabara: in ƙudundune hannu kamar mai ɗiban ruwa, yatsu kawai su taɓa, in tafin bai sauka ba rantsuwar ba ta kama mutum. Na yi ta gwadawa a kan murfin kwano. A satin nan tuwo ya ƙi wuce mini, har Inna ta ɗauka zazzaɓi ne ta ɗura mini jiƙon sabara. Sau biyu ina zuwa bakin zaure don in faɗa wa Baba, in tsaya in ga yadda mutane ke durƙusawa suna gaishe shi, in juya. Mutumin da ya bi gidajen mutane yana cewa su tsare 'ya'yansu, a ce tasa ce ta fara? Na auna bakina da zai karkace, na auna fuskar Baba a gaban jama'a, na zaɓi in rantse.

To ga mu a layi ranar Asabar. Na ɓuya can baya ina fatan ko hadari ya taso. Malam Bello ya yi addu'a, ya dubi benci ya yi murmushi, ya ce don girmamawa bari a fara da ɗiyar shugaba, sauran su yi koyi. Ya kira sunana, Lubabatu. Na fito na tsaya gaban teburin. Na ji ƙamshin tsohuwar takarda da turaren da ake sa wa Littafin. Na ƙudundune hannu yadda Hassi ta ce, na ɗaga.

"Luba, mai da hannunki."

Baba ne. Ya miƙe tsaye, ya zo ya tsaya tsakanina da teburin, har rigarsa tana taɓa fuskata. Ya fuskanci Malam ya yi magana a hankali, amma farfajiyar ta yi shirun da kowa ya ji.

"Malam, a yi haƙuri a ruhe Littahin ga. Ɗiyata ta gani. Na sani tun ran da tan nuna ma akuya kara tana yi mata turanci. Na yi shiru ina jiran ta zo da kanta, wanga laihina na." Wani a benci ya fara dariya ya haɗiye. Baba ya ci gaba. "Mun hana su kallo don kada su raina Allah, kuma har yanzu ina kan hanin. Amma in munka sa su dahwa Littahi su yi ƙarya don tsoronmu, mu munka koya musu rainin da hannunmu."

Malam Bello ya sa hannu biyu ya rufe Alƙur'anin, ya naɗe shi a dardumar, ya ba babban ɗalibi ya kai ofis. Sannan ya ce, ba rantsuwa ba bulala, duk wanda ya san ya kalla ya ɗaga hannu. Ni na fara, ina kuka. Hassi ta bi. Sai hannuwa suka yi ta tashi, fiye da rabin layin, har da ɗan ƙanen Malam ɗin da ke zaune a gidansa. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kujerarsa ya dafe kai. Ina ganin a lokacin ne ya lissafa yawan yaran da ya kusa sa su rantse a kan ƙarya. Na girmama shi a kan rufe Littafin nan har ya bar duniya.

Abin bai wuce wa Baba a banza ba. Wasu iyayen suka ce wanda bai iya riƙe gidansa ba ba zai riƙe na mutane ba, wasu suka ce ya kunyata malami a gaban ɗalibansa. Kafin Sallah an naɗa wani shugaban. Baba ya ci gaba da zuwa taro yana zama a bencin baya. Ni kuma bai taɓa ni da ko tsinke ba. Ya sa na je na durƙusa na ba Malam haƙuri, na ba Inna haƙurin furarta, kuma aka cire gidan Hajiya Kulu daga hanyar tallata.

Washegarin rantsuwar ya ce in ɗauko masa fura in bi shi fadama. Muna tafe a kan kunyar shinkafa, ruwa na shiga takalmina, ya ce in ba shi labarin fim ɗin tun daga farko. Na ɗauka tarko ne, na fara a tsorace, amma da na ga yana saurare har yana tambaya, sai na saki baki. Da na zo wurin da wani kada na cikin kogin ya yi magana ya yi dariya har da tari. Da na gama ya tambaye ni, lokacin da yarinyar ta shiga tsaka mai wuya, wa ta kira? Na ce sandarta. Ya tambaya, ni fa, da Malam ya kira sunana jiya, wa na kira? A raina na san dabarar Hassi na kira. Ya ce shi ba daskarewar kogi ke damunsa ba, mu ma kakanninmu sun ba mu labaran da dabbobi ke magana, ba wanda ya kafirta. "Abin da nika tsoro," in ji shi, "ranar da kin rasa kowa, zuciyarki ta tai wurin kara." Daga nan ya sunkuya ya hau cire ciyawa, ya ce in riƙe masa hularsa.

Shekaru da yawa bayan haka, na zo wankan ɗana na fari, Baba ya tsufa ido ya fara rauni. Ina zaune kusa da shi a zaure ina ɓare masa gyaɗa, na ɗauko maganar da ta daɗe tana cina. Na ce, Baba, ka san da ba ka tashi ba ran nan, da na dafa? Na zaci zai ce a'a, ɗiyarsa ba za ta yi haka ba. Sai ya ce, "Na sani. Kuma don ni za ki yi ta. Shi as sa ban iya zama ba." Na sunkuyar da kai gyaɗar tana jiƙewa a hannuna.

Yau ina koyarwa a wata firamare a Anka, 'ya'yana huɗu. Baba ya rasu, gidan kallon bayan tasha ya zama shagon cajin waya. Har yanzu kiran ƙauracewa bai ƙare ba, sai dai yanzu ta waya yake zuwa, a turo saƙo cewa fim kaza yana ɓata imanin yara, kowa ya tura wa na gaba ya koma harkarsa. Ba mai bin gida gida, ba mai tara yara a inuwa, kuma yaron da ake magana a kansa yana ɗaki shi kaɗai da waya a tafin hannu, ba wanda ya san abin da ya gani balle ya ce ya ba shi labari. Nakan hana 'ya'yana wasu finafinan, in zauna mu kalli wasu tare, in yi musu tambayoyin da aka yi mini a kan kunyar shinkafa. Amma hani da tambaya duk masu sauƙi ne. Abin da nake kewa shi ne mutumin da ya yarda ya zubar da girmansa a gaban jama'a don kada yarinya 'yar shekara tara ta yi wa Allah ƙarya. Ni an tashi tsaye domina, kuma kullum ina roƙon in ranar ta zo kada ta same ni a zaune.